Kakin Baba a Zaren Ƙanwata

Mu biyu Baba ya haifa, duka mata. Ni ce 'yar fari, don haka ba ya kama sunana, ba ya yaba min, ba ya kallona ido cikin ido. "Ke" yake ce min, in da baƙo a wurin kuma ya ce "yarinyar nan". An ce al'ada ce, kunyar ɗan fari. Na ji, amma ban taɓa yarda ba. Ƙanwata kuwa, wadda na girma da shekara huɗu, tun tana rarrafe take kan cinyarsa, ranar da ta shiga jami'a kuma ya raɗa mata Injiniya, har yau bai sauke mata sunan ba.

Baba baduku ne. Shagonsa na wani lungu a nan Zangon Kwatano, jikin gidanmu, ƙofa ɗaya ta waje ƙofa ɗaya ta tsakar gida. Takalma yake ɗinkawa, da kube, da jakunkunan fata. Ni da na faɗi bak, jarrabawar gama sakandare, na ce ba zan sake zama a aji ba, sai na shigo shagon na jawo akwatin lemo na kife na zauna a kai. Bai ce zauna ba, bai ce tashi ba. Shekara shida ke nan. Bai taɓa koya min komai da baki ba, da kallo na iya. In na yi daidai ya yi shiru. In na ɓata ya farke ɗinkin ya ajiye a gabana, shi ma shiru.

Abin da ke ciyar da gidanmu kuwa ba takalma ba ne, sirdin babur ne. 'Yan zem, wato 'yan acaɓa masu rigar rawaya, suna kawo sirdinsu da rana ta fasa, ni nake yanka sabuwar leda in ɗinka. Baba ba ya taɓawa. Ya ce leda ba fata ba ce, shi kuma bai gaji ɗinkin buhu ba.

Doka ɗaya ce ake faɗa da baki a shagon: busasshen zare ba ya shiga aiki. Iskar teku tana cin zare, laimar Kwatano tana ruɓar da shi, don haka kowane zare sai an ja shi cikin kakin zuma kafin a sa a basilla. Baba yana da curin kaki cikin gwangwanin madara, fataken shanu ke taho masa da shi daga arewa. In ya shafa sai ya bi da tsumma har sai ido bai gani ba, yatsa kaɗai ke ji. A fata gaskiyarsa ce: kakin na cika hudar, zaren ya kwanta, ƙulli ya kama kamar an ƙera. A leda kuwa na gano da kaina cewa zare mai kaki sulɓi yake yi. Ka ja nan ya saki can, ɗan zem ya dawo bayan mako biyu yana zagin uwar wanda ya yi ɗinkin. Don haka na ɓoye busasshen zare a ƙarƙashin akwatina, da shi nake ɗinka sirdi, shekara biyar Baba bai sani ba.

A shekararta ta ƙarshe aka ce ƙanwata ta yi memwar, wato aikin da ɗalibi zai tsaya gaban malamai ya kare kafin a ba shi takardar gamawa. Karatun kayan asibiti take yi, injina da ƙananan ƙarafa da likitoci ke aiki da su. Wani likitan ƙashi da ke koyar da su ne ya zaɓa mata nata aikin. Ranar da ta zo da labarin muna cin tuwon rana, ta tsamo ƙashi daga cikin miya ta ɗaga.

"Baba, ka ga nan? In jijiyar kafaɗa ta tsinke daga jikin ƙashi, dole a mayar da ita. Amma ƙashi ba ya ɗinkuwa. Sai likita ya huda ƙashin, ya kafa wani ɗan abu da bai fi ƙwayar wake ba, mai zare a jikinsa. Da zaren yake ɗinke jijiyar, ya jawo ta ta kwanta kan ƙashin, ya ƙulla."

"Turke ke nan," in ji Baba.

"Ankar ake ce masa."

"Turke ne, Injiniya. Ci gaba."

Ta ce ƙullin ne matsala. Ta wata 'yar kafa likita ke ƙulla shi, hannunsa a waje, idonsa kan allon talabijin. In ƙullin ya yi sako-sako ya kwance, in ya yi girma ya dinga gogar nama duk lokacin da mutum ya ɗaga hannu. Shi ya sa ake son turken da ba ya buƙatar ƙulli: a zura zaren ta cikin hancin turken, a buga shi cikin ramin, shi da bangon ƙashin su matse zaren a tsakaninsu. Akwai irinsu, daga waje ake kawowa, ba kowa ke iya saye ba. Aikinta shi ne ta zana nata, a ƙera mata, ta gwada ta ga ko zai riƙe.

Baba ya ajiye lomarsa. "Ba ƙulli? To me zai riƙe?"

"Matsi, Baba."

Ya dube ta kamar ta sauko daga sama. Ni kuwa na ce a raina, shekara shida ina rufe ɗinki ba ƙulli a gefen sirdi, don kar ya soki cinyar fasinja, ba wanda ya ajiye loma.

A makarantarsu ba ɗanyen ƙashi, ɗakin gwajin ma layi ake yi. Mu kuwa muna da mahauci, mutumin Tawa, abokin Baba, wanda ke kawo mana fata. Muna da injin huda, muna da abin matsi na ƙarfe. Sai Baba ya ce ta zo shago ta yi. Washegari na shigo na tarar ya kwashe kayansa daga teburinsa ya zube su a ƙasa kan buhu. Teburin da in na ɗora almakashi a kai sai ya ɗauke ya miƙo min ba tare da ya dube ni ba.

Na ce, "Baba, a ina za ka yi aiki?"

Ya ce da bango, "Ilimi ba ya zama a ƙasa."

Ga yadda take gwajin. Mahauci ya kawo ƙashin kafaɗar saniya da sauran jijiya a jiki. Ta sa safar hannu ta roba, ta ɗaure ƙashin a abin matsi, ta huda, ta ɗinke jijiyar da zaren, ta zura bakin zaren a hancin turken, ta buga shi ciki da 'yar guduma. Turakun na farar roba ne mai tauri, wani mai injin sassaƙa a unguwar Agontinkon ya ƙera mata su bisa zanenta. Daga nan sai ta maƙala ƙugiya a jijiyar, ta rataya bokiti, ta dinga zuba ruwa moɗa-moɗa har zaren ya saki, ta rubuta. Zaren kuwa likitan ne ya ba ta, fari mai ratsin shuɗi. Ƙunshi ɗaya ta buɗe ta naɗe a jikin kwali, biyu ta bar su a rufe cikin jakarta don ranar da za ta tsaya gaban malamai.

Kwana biyun farko bokitin ya cika fal, zaren bai motsa ba. Baba ya fita bakin ƙofa yana kiran mutane. Mai shayi ya zo, mai tabarma ya zo, 'yan zem biyu da ke jiran sirdinsu suka leƙo.

"Ku duba da kyau, ba ƙulli! Ka sa yatsa ka laluba, Alhaji, in ka ji ƙulli na ba ka shagon."

Mahauci ya dube ni yana dariya. "Ke kuma babbar yaya, yaushe za a kira mu kallon naki?"

Na ce, "Ranar da ka daina sa mana ƙashi a madadin nama."

Aka yi dariya, Baba bai yi ba. Na koma kan sirdina na soka basilla har ta fito ta wancan gefe ta shiga yatsana.

A rana ta uku da safe, ƙanwata ta tafi wajen mahauci karɓo sabon ƙashi. Ni na dawo daga sayen koko, na shigo ta ƙofar tsakar gida, sai na ga Baba tsaye a teburin. Ya warware zaren likita daga kwalin, ya kama bakinsa da haƙori, yana jan sa cikin curin kaki. Sau uku ya ja, ya bi da tsumma, ya murza, ya ɗaga ya duba a haske, ya sake murzawa. Fuskarsa a sake, leɓensa na motsi, addu'a yake yi. Ya naɗe ya mayar daidai yadda ya tarar.

Na san abin da zai faru. Turken roba ne, ramin ƙashin santsi ne da maiƙo, ba ƙulli. Abin da ke faruwa a sirdina ne zai faru. Na buɗe baki, sai na tuna "ilimi ba ya zama a ƙasa", na rufe. Na ajiye masa kokonsa na wuce.

Da hantsi ta ɗora bokiti. Bai kai rabi ba zaren ya zare sulul, bokitin ya faɗi, ruwa ya jiƙa mata zane. Ta ce ramin ne ya yi faɗi. Ta sake huda, ya sake zarewa. Ta ce ƙashin tsohuwar saniya ne, aka kawo na ɗan maraƙi, duk ɗaya. Sau biyar a ranar. Ba ta taɓa zaren da yatsa tsirara ba, kullum cikin safar hannu take, haka aka koya musu. Idonta kuma ba na baduku ba ne. Ni daga inda nake zaune ina jin ƙanshin zuma.

Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi. Ƙarar faɗuwar bokitin nan ta fi min kiɗa. Mai shayi ya daina leƙowa. Baba ya daina fita bakin ƙofa. Da daddare ba na tunanin komai, barci nake yi kamar jinjiri. Na gaya wa kaina kwana biyu kawai, ta ɗan ɗanɗana, sannan in faɗa. Kwana biyu suka wuce na ƙara biyu.

Ita kuma ta yanke cewa zanenta ne ba daidai ba, nasarar farko sa'a ce kawai. Ta zauna ta sake zane, ta yi wa turken ƙaya-ƙaya a jiki. Ta hau zem zuwa Agontinkon, ta jira kwana uku, ta dawo da su cikin 'yar leda. Suka zare. Ta yi wani mai hanci biyu don zaren ya lanƙwasa sau biyu. Ya ɗan daɗe, sannan ya zare. Ta yi mai kauri, ya fasa ƙashin. Tana ta rubutu a littafinta, tana ta jan layi tana sokewa. Ta daina cin abincin rana. Inna ta fara kai mata ruwan rubutu a kofi tana sha a tsaye ba ta ma tambaya ko na mene ne ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki, Baba bai daina ba. Da ya ga zaren na zarewa, sai ya ɗauka kakin ne bai isa ba. Kowace safiya da ta fita sai ya warware ya ƙara. Wata rana ya ɗago muka haɗa ido, karon farko cikin ban san ko wata nawa ba. Ya ɗora yatsa a leɓe.

"Kar ta sani. 'Yan boko ba sa son a taɓa musu kaya."

Na ce, "To, Baba."

Wannan ce magana mafi tsawo da ya yi da ni a shekarar, kuma a kanta ce.

A mako na uku ta dawo daga wajen likitan idonta jawur. Ya ce mata in ba ta kawo sakamako mai ma'ana cikin kwana bakwai ba, ba zai sa hannu ba, sai dai ta jira baɗi. Abokan karatunta duk an sa musu rana. Ta zauna a kujerar Baba ta kifa kai a teburin, kusa da ƙashin da ƙudaje ke bi. Ina ɗinki ina kallonta ta wutsiyar ido. Na ji wani abu ya ɗan taɓa ni a ƙirji, amma bai kai ya buɗe min baki ba. Ni ma na taɓa dawowa gida da jan ido, ranar da aka kafe sunayen bak, abin da aka ce min shi ne in je in taya Inna tsintar shinkafa.

Baba ya taso daga kan buhunsa, ya dafa kanta.

"Injiniya, ɗago. In boko ya ƙi, ba a mutu ba. Ga shago. Ga kujera, ga tebur, naki ne. Ni da kaina zan koya miki, tun daga yadda ake riƙe wuƙa. Wata shida kin fi kowa a Zangon nan, don hannunki hannuna ne. Dama ina tunanin wa zan bar wa wurin nan."

Ina nan zaune. Taku uku tsakanina da shi. Sirdi a cinyata, zare a bakina.

Ban san yadda zan kwatanta ba. Kunnuwana suka yi ɗumi. Na dubi teburin, na dubi kujerar, na dubi bangon da na san kowace ƙusa a jikinsa. Na hango ta zaune a nan kullum, Baba tsugune a gefenta yana mata bayani da baki, da baki fa, ni kuma ina kan akwatin lemo ina ɗinka leda har in tsufa. Jami'a tata ce, na haƙura. Sunan Injiniya nata ne, na haƙura. Shagon nan kaɗai gare ni, shi ma ashe faɗuwarta za ta ba ta shi.

Aka kira azahar, Baba ya ɗau buta ya fita. Ko ƙofar bai gama sakayawa ba na tashi.

"Cire safar nan."

Ta ɗago. "Yaya, don Allah ki bar ni."

"Na ce cire."

Ta cire. Na kama hannunta na ɗora yatsunta biyu a kan zaren na ja. Sannan na sa farcen babban yatsana na kankare, na nuna mata abin da ya taru a ƙarƙashin farcen, rawaya-rawaya. Na kai mata hanci.

Ta daɗe tana kallo. "Mene ne wannan?"

"Kaki. Zarenki ya fi sabulu santsi. Ko turken ƙarfe kika kafa ba zai riƙe ba."

"Wa ya…" Ba ta ƙarasa ba. Ta juya ta dubi gwangwanin madara a kan buhu.

"Wa ke da kaki a gidan nan?"

Ta zauna. Na zaci kuka za ta yi, sai ta jawo jakarta, ta ciro ƙunshi ɗaya daga cikin biyun da ke rufe, ta yage da haƙori. Ta gwada ta kasa zura zaren a hancin turken. Na karɓe na zura mata, na ce ta kawo na farko, mai santsi, wanda ta fara zanawa. Ta huda, na buga. Ta rataya bokiti ta fara zuba ruwa. Bokitin ya cika har ya fara zuba ta baki. Ta ɗauko dutsen wasa wuƙar Baba ta jefa ciki. Zaren bai motsa ba.

Ba ta juyo ba ta ce, "Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar farko."

"Kwana goma sha tara, Yaya."

"Ni ma na ƙirga."

"Kina kallona ina zuwa Agontinkon cikin rana. Kina kallona ba na cin abinci."

"Ina kallo."

"To me ya sa yau?"

Da na iya cewa tausayi ne, da ta yarda, don ita mai saurin yarda ce. Na ce, "Don ba na son ki a shagon nan."

Ta juyo ta dube ni sosai, kamar yau ta fara ganina. "Wallahi ke muguwa ce."

"Na sani. Sauke bokitin kafin ya dawo, zan gaya masa da kaina."

Nan ta miƙe ta tare ni. "Ba za ki gaya masa ba."

"Saboda me? Shi ya ɓata miki mako uku."

"Ke kika ɓata min mako uku. Shi taimako ya yi niyya. In ya sani ba zai sake ɗaga kai a gabana ba."

Abin da nake so ke nan, ya sani. Ba don ya ji kunya ba, ko kuma don hakan ma, ban sani ba. Ina son ya san cewa abin da ya gagari Injiniya da littafinta, abin da shi kansa bai gane ba da shekara arba'in a dukanci, yarinyar nan ta kan akwatin lemo ta san shi tun da daɗewa. Na riga na shirya maganar a bakina.

Ta ce, "Kin ci min kwana goma sha tara. Wannan kaɗai na roƙa. In kika faɗa masa, ni kuma zan faɗa masa tun yaushe kika sani."

Ashe ita ma ta iya. Na taya ta sauke bokitin.

Dabarar tata ce. Tsohon zaren mai kaki muka bar shi a kan tebur, naɗe a kwalinsa, Baba ya ci gaba da shafa masa kaki kowace safiya yana addu'a. Na gaskiyar yana cikin jakarta, tana yanko shi guntu-guntu in ya juya baya. Likitan kuma ta gaya masa maiƙon shago ne ya ɓata na farko, ya yi mata faɗa, ya ƙara mata wani. Kwana shida suka rage, gwajin mako uku ne za a sake, da duka turakun huɗu. Ita kaɗai ba za ta iya ba. Ba ta roƙe ni ba, ni ma ban ce zan yi ba, washegari dai na ajiye sirdi na ɗau injin huda. Hannuna ya fi nata tsayuwa, ramina ba ya karkata. 'Yan zem suka yi ta mita a bakin ƙofa, na ce wanda ke sauri ya hau kan ƙarfe.

Ba ma hira. "Riƙe." "Zuba." "Ya isa." Mai ƙaya-ƙayar da ta sha wahalarsa, da aka sa masa busasshen zare, yanke zaren ya yi. Mai hanci biyu ya riƙe amma zura shi sai an yi gumi, ta ce ba likitan da zai iya wannan ta 'yar kafa. Na farkon, mai santsi, shi ne ya fi duka. Tun ranar farko aikinta daidai yake. Wannan ma ya ci min rai.

Baba kuwa ya dawo bakin ƙofa yana kiran mai shayi.

Ranar da za ta tsaya gaban malamai, Baba ya sa babbar rigarsa ta Sallah, Inna ta ɗaura leshi, aka kira tasi. Ba wanda ya ce in zo, ba wanda ya ce kar in zo, shago dai ba ya zama a rufe ranar aiki. Na ɗinka sirdi huɗu. Da la'asar suka dawo, tun daga bakin lungu nake jin guɗar Inna. Ƙanwata ta ci, har malaman sun ce a ajiye aikin ga na baya. Mahauci ya aiko da tsire a takarda, mai shayi ya kawo butarsa, aka cika shagon har waje.

Ana cikin ci Baba ya yi gyaran murya, ya miƙa hannu ya ɗauko gwangwanin madara ya ɗora a gwiwarsa.

"Yau dai zan tona. Ita kanta Injiniya ba ta sani ba." Ya dubi mahauci yana murmushi. "Lokacin da zaren nan ke ta zarewa, kun tuna? Na duba na ga busasshe ne ƙayau. Na ce boko dai boko ne, amma zare zare ne. Kullum ta fita sai in shafa masa. Da farko ya ƙi, don zaren Turawa ne, ba ya shan kaki da wuri. Na yi ta ƙarawa. Ranar da ya ƙoshi, ranar ya kama."

"Allahu akbar!" in ji mahauci. "Ashe da hannun manya a ciki."

"To da fa? Likitocin nan ma a gaya musu."

Na ajiye tsiren, na buɗe baki. Ƙanwata na zaune kusa da ni da takalminta mai tsini na zuwa gaban malamai. Ta ɗora tsinin a kan babban yatsan ƙafata ta danna, fuskarta na kallon Baba tana dariya.

"Kai, Baba! Shi ne ba ka gaya min ba?"

"In na gaya miki za ki hana."

Ta danna har sai da na ji hawaye ya zo min, sannan ta ɗaga. Na ɗau tsirena na ci gaba da ci.

Abin da nake so na samu. Ba ta zauna a shagon ba, bayan wata biyu ta sami aiki a wani asibiti a arewa ta tafi. Maganar wa za a bar wa wuri ba ta sake tasowa ba, ban kuma tayar ba. Muna waya da ita, ba mu taɓa ambatar kwana goma sha taran nan ba, ba ta kuma sake ce min muguwa ba, da ta ce ma da ya fi min sauƙi. Baba har yau in baƙo ya zauna sai ya ba shi labarin kakin, kowace shekara zaren na ƙara taurin kai a labarin.

A ranar dai, da mutane suka watse, ya kwashe kayansa daga kan buhu ya mayar kan teburinsa ɗaya bayan ɗaya. Ƙasusuwan gwajin na tare a kusurwa cikin kwali, kowanne da ramuka a jere, yawancinsu ni na huda. Ya ɗauki ɗaya ya juya shi a haske, ya bi bakin ramukan da babban yatsa. Ya daɗe. Na tsaya da tsintsiya a hannu ina jira.

Ya mayar da shi cikin kwalin. "Ke, fitar da waɗannan, ƙudaje sun cika shago."

Na ɗauka na fitar.